Fura Ba Shi Da Daɗi

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Yaya ya riga mu kama hanya. Ya rasu ana tsakiyar yankan dawa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na zauna makoki da yawa a Gaya, amma ban taɓa ganin wanda aka yi ta fama da danne dariya a cikinsa kamar nasa ba. Maza suna ƙofar gida a kan tabarmi, mu mata muna ciki, katanga ce kawai tsakaninmu, duk abin da aka faɗa a waje muna ji. Mutum zai yi sallama, a yi addu'a a shafa, ya yi wa 'ya'yan mamaci ya haƙuri, sai wuri ya yi tsit. Can sai ka ji wani ya ce, "Allah sarki, mai bayanin majigi." Wani ya karɓe, "Ka tuna majigin mai nono?" To daga nan zaman ya lalace.

An zo daga Balan a kan kekuna, an zo daga Ajingi a ƙasa. Wani magidanci daga Balan ya yi ta kuka kamar ubansa ne ya mutu, har sai da aka ba shi baki. Malamin unguwarmu, wanda suka taɓa yin damina guda ba sa gaisawa da Yaya, shi ya ja sallar gawa.

Da la'asar ta yi, wani a cikin mazan, ban san ko wane ne ba kuma ba na so in sani, ya ƙanƙance murya kamar mace ya ce, "In ba ka nan, fura ba shi da daɗi." Ƙofar gida ta ɗauki dariya, aka bi ta da astagfirullah. A ciki mata suka cusa bakin mayafi a baki. Ni kuwa, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda idonta bai bushe ba tun safe, dariyar ta kuɓuce mini ta hanci.

Matarsa, wadda nake kira Adda, tana zaune dab da ni, ta jingina da bango cikin kayan takaba, carbi a hannu. Ba ta ɗago ba, yatsunta ma ba su tsaya ba. Maganar da aka kwaikwaya a waje tata ce. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Garin nan ya riƙe Yaya da dariya, kuma ya cancanta, amma akwai rabin da ba a sani ba. Na san abin da nake yi ya yi kama da abin da ya yi, wato fitar da zancen ɗaki waje. Na tambayi Adda kafin in fara, ta ce in yi abin da na ga dama. A bakinta wannan ba izini ba ne, ba kuma hani ba ne, don haka da nauyin zuciya nake rubutun nan.

Yaya manomi ne kamar mahaifinmu, gero da dawa da gyaɗa, sai dai Allah ya ba shi baki. Tun muna ƙanana, in akuya biyu suka haɗa kai a tsakar gida, sai ya tsaya ya fassara mana abin da suke cewa game da tuwon Innarmu. In ya hango mutum biyu suna ciniki daga nesa, zai yi muryar kowannensu, har da rantsuwar ƙarya. Da motar majigi ta fara zagaya ƙasarmu a farkon mulkin kai, aka ce ana neman mai bayani, dagaci bai yi dogon tunani ba.

Ga yaran da ba su riski abin ba: mota ce take zuwa da inji, a kafa farin ƙyalle a filin makaranta bayan sallar isha'i, a haska hotuna masu motsi. Maza a gaba, mata a baya can gefe. Yawancin hotunan ba sa magana, mai bayani ne bakinsu, yana tsaye kusa da inji da abin magana a hannu. Ana nuna yadda ake zuba taki, da rigakafin agana, da rufe bakin rijiya. Kafin a fara, Yaya yakan ce, "Na gaba ku zauna, na baya ma da ido aka haife su." Har yau in yara suka tare wa wani haske a gidanmu, da haka ake korarsu.

A cikin gwangwanayen faifan majigin akwai wani tsoho da wani Bature ya bari. Mai inji ya ce a Amurka aka yi shi tun kafin a koya wa hotuna magana, sa'an Yaya ne ko ya ɗan girme shi. Duk ya goge, kamar ana ruwan sama a cikinsa. Labarin wani siririn saurayi ne mai 'yar ƙaramar hula, yana yawo da keken doki yana ajiye kwalaben madara a ƙofar gidaje. Yana son wata yarinya mai gajeren gashi da take taya ubanta aiki a shagon wanki da guga. Uban ƙato ne mai gashin baki. Duk ranar da saurayin ya ɗaura niyyar yi mata magana sai wani abu ya gitta: doki ya tafi da keken, ko kwalba ta suɓuce ta fashe, ko uban ya leƙo da dutsen guga a hannu. Ita ma tana sonsa, kunya ce ta hana ta faɗa.

Tsakanin hotunan ana haska rubutun Turanci. Turancin Yaya a gaisuwa ya tsaya, ko kallon rubutun ba ya yi. Ya ce wannan na mutanen can ne, mu namu daban. Ya ba uban muryar wani mahauci mai faɗa na kasuwarmu. Ya ba dokin muryar alƙali, a hankali, da gyaran murya. Namiji da tallan nono kuwa, wannan kaɗai ya isa ya kwantar da mutanen Gaya a ƙasa. Don majigin mai nono ake zuwa, shi ya sa ake ajiye shi sai ƙarshe, dole mutum ya zauna ya kalli taki da allura tukuna.

A kansa suka ɓata da malamin unguwarmu. A ƙarshen faifan saurayi da yarinya suna rungumar juna, Malam ya ce wannan ba abin haskawa gaban mata da yara ba ne. Yaya ya ce ai a ƙasarsu haka ake ɗaura aure. Malam ya ce to a ƙasarsu muke? Suka yi ta yi. Daga baya Yaya ya sauko, amma ta hanyarsa. Da an zo wurin sai ya cire hularsa ya kife a bakin inji, ƙyalle ya yi duhu, ya ce, "An ɗaura, an shafa fatiha, kowa ya kama gabansa." Duk wanda ya fara kallo bayan wannan bai taɓa ganin ƙarshen labarin ba. A wurin makoki Malam da bakinsa ya faɗa cewa ba a taɓa haska shi a Gaya ba sai ya laɓe a bayan tsamiya ya kalla.

Magidancin Balan da ya yi ta kuka, ubansa makaho ne. Duk zuwan majigi Yaya yakan sa a zaunar da tsohon a gindin ƙafarsa. Yana cikin bayani sai ya janye abin magana daga bakinsa ya sunkuya ya ce, "Baba, yanzu dokin ya cinye furen da ya sayo mata." Tsohon yakan riga kowa dariya.

Adda daga wata ruga kusa da Toranke take. Da ƙwaryar nono a ka Yaya ya fara ganinta a kasuwar Gaya, bai huta ba sai da aka ba shi ita. Bafulatana ce ta sosai. Ba ta taɓa kama sunansa ba, Malam take ce masa, ba ta cin abinci a gabansa, in da mutane ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Hausarta kuma tana haɗa shi da ita. Za ta ce akuyar nan ya tsinke, ko Malam ta dawo. Ni da nake ƙanwar miji, tsokana haƙƙina ne, ina yi tana ramawa, muna dariya tare. A cikin gida take sayar da fura, kuma duk unguwa an san babu kamar tata. Yaya ba ya fita gona sai ya sha, in ya dawo ita yake fara nema.

Wata rana ya dawo daga dogon zagaye da zazzaɓi. Yana kwance idonsa rufe, ta shigo da ƙwarya ta ajiye, ta ɗauka barci yake. Sai ta ce, a hankali, "In ba ka nan, fura ba shi da daɗi." Shi ya gaya mini haka bayan shekaru. Ya ce a duk zamansu wannan ce kaɗai maganar da ta taɓa yi masa mai kama da so, kuma ba shi ta gaya wa ba, barcinsa ta gaya wa.

Bayan ya warke aka kafa majigi a Gaya ranar kasuwa. Yayan Adda ya kawo bijimi kasuwa daga ruga, ya tsaya kallo. Mu kuma muna ɓangaren mata, ni da Adda da Innarmu. Akwai wani wuri a faifan inda saurayin ya hau bene da kwalabe, yarinyar ta lallaɓo ta rungume wuyan dokinsa ta raɗa masa magana a kunne. Kullum Yaya yana sa mata wani abu daban a baki. Ranar sai ya yi muryar Adda, ba muryar mace kawai ba, tata sak, har da yadda take jan ƙarshen magana, ya faɗi abin da ta faɗa.

Da ya ce fura ba ta da daɗi, da an yi dariya an wuce. Wannan "shi" ɗin ne ya tona ta. Duk Gaya mace ɗaya ce mai fura mai irin wannan Hausa. Fili ya kaure, maza suna dukan cinya, mata suka juyo gaba ɗaya suna kallonta. Na ga yayanta ya miƙe, ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya ratsa mutane ya fita, bai ko biyo ta gidan ya yi sallama ba. Adda ta zauna cak har aka kife hula a bakin inji, sannan ta naɗe tabarmar Innarmu ta ɗauka muka taho.

A wurin mutanenta, a ji mace ta furta cewa tana kewar miji, a kuma ji shi a lasifika gaban yayanta da uwar mijinta, ba ƙaramin abu ba ne. Ko yaji ba ta iya yi ba, don a ruga abin ya fi muni, ya riga ta isa. Washegari yara suka fara zuwa ƙofar gida suna cewa a ba su furar da ba shi da daɗi. Kafin mako ya zagayo ta kife ƙoren furarta ta daina. Ba ta sake dama fura ba, na sayarwa ko na gida.

Ta kuma gyara Hausarta. Ta rage magana, wadda za ta yi sai ta auna ta tukuna. Na yi shekaru ina kasa kunne ko za ta yi tuntuɓe in samu abin tsokana mu koma yadda muke, ban samu ba.

Yaya ya ce mini ba izgili ya yi niyya ba. "Daɗin maganar ne ya cika mini ciki," in ji shi, "ina riƙe da ita ni kaɗai har ta fi ƙarfina." Na yarda da shi, amma hakan bai mayar da komai ba. Bai sake yin muryar mace ba. In an zo wurin doki sai ya yi shiru, amma shirun bai yi amfani ba, jama'a ne suke faɗar maganar da kansu, baki ɗaya, har a Ajingi inda ba wanda ya san fuskar Adda. Yana tsaye da abin magana a hannu yana ji. Ya roƙi mai inji a daina haska faifan, aka gwada, mutane suka watse tun kafin a kai ga rigakafi. Dole aka dawo da shi. Da damina ta faɗi Yaya ya ajiye aikin ya koma gona. Awakin gidanmu suka ci gaba da haɗa kai ba mai fassara mana.

Ya kuma yi wa kansa alkawari cewa ba zai sake shan fura ba sai daga hannunta. Manomi a ƙasar Gaya, da zafin bazara, ba fura! Kunu yake sha, ko ya jiƙa gari. Na sha kawo masa tawa, sai ya leƙa ƙwaryar ya ce, "Sannu da ƙoƙari, kai wa yara." Kowace kaka in ya sayar da gyaɗa sai ya sayo sabuwar ƙwarya da ludayi ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ba ya cewa komai. Ita kuma ta ɗauka ta goge ta jera a bango.

Ba wai bai roƙe ta da baki ba. Ya roƙa, a gabana ma ya taɓa yi.

"Uwar yara, ki yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba, Malam."

Haka take cewa kullum, ba fushi a fuskarta. Tuwonsa bai taɓa makara ba, rigarsa ba ta taɓa kwana da dauɗa ba. Wanda bai sani ba zai ce babu gidan da ya fi nasu zaman lafiya, kuma ta wani fannin haka ne. Amma Yaya ya ce wannan amsar kowa ana ba shi ita, har wanda ya taka ka a kasuwa. Shi ƙwarya yake jira.

Ni ba ni da haƙurinsa. Shekarar da aka koma tuƙi hannun dama na same ta tana tankaɗe, na sauke mata abin da ke cikina. Na ce, "Wai Adda, kisan kai ya yi ne? Mutum ya bar aikinsa, ya bar fura, ya tsufa a gabanki yana kallon ƙoren bango. Me kuma kike so?"

Ta ajiye rariya ta dube ni. Da Hausa mai kyau, wadda ba inda za ka kama, ta ce, "Abu ɗaya na taɓa ba shi wanda ba na kowa ba ne. Ya raba wa gari."

Ni da aka sani da ba a cin bashin bakina, na tattara mayafina na tafi gida.

Da ciwo ya kwantar da shi, ita ta yi jinyarsa, ba ta yarda ko 'ya'yanta mata su karɓe ta ba. A kwanakin ƙarshe tuwo ya daina wucewa, sai abu mai ruwa. Duk wadda ta zo dubiya sai ta ce a gwada masa fura mana, sannan ta tuna ta yi shiru. Na shiga wurinsa ana gobe zai rasu, na ce bari in sake yi mata magana. Ya girgiza kai ya ce kada in matsa mata, shi ya fasa abin da hannunsa. Sai ya yi gyaran murya irin ta alƙali, muryar dokin da na yi shekaru ban ji ba, ya ce, "Dokin nan ya fi ni, ƙanwata. An gaya masa magana a kunne, har faifai ya ƙare bai faɗa wa kowa ba."

Kafin a fita da shi, malamin unguwa ya aiko babban ɗan Yaya ya tambayi mahaifiyarsa ko akwai wani abu tsakaninta da mamaci. Ta ce, "Bai yi mini komai ba." Aka kai amsa waje, aka ce alhamdu lillahi. Ni kaɗai gabana ya faɗi, don na san wannan amsar, na san kuma yadda shi ya ɗauke ta. Na ce a raina shi ke nan, an binne Yaya da ƙishirwarsa.

Ranar sadakar uku, da hantsi, muna zaune sai muka ji turmi yana amsawa a bayan ɗaki. Ba dakan gari ba ne, kirɓi ne, duk mace ta san bambancin. Muka zagaya, muka tarar da Adda da taɓarya a hannu. Mata suka yi kanta suna cewa haba, mai takaba, kawo mu yi miki. Ba ta saki ba.

Matar yayanta tana tsaye a gefe, ta iso daga ruga da safen nan da ƙwaryar nono. Na ce mata sannu da ɗawainiya, har da nono. Ta ce ai ba na sadaka ba ne, Adda ce ta aika a kawo mata tun Yaya yana da rai. Shanun sun yi nisa cikin fadama, kafin saƙon ya same su an riga an yi rasuwar.

Na nemi wuri na zauna.

Adda ta cura furar, ta sa aka sauko da ƙoren nan na bango dukansu, aka ɗauraye. Ita ta dama da hannunta, ƙwarya bayan ƙwarya, da ludayin kowace, ana fita da su wurin maza. Mun ji lokacin da aka tambayi wa ya dama, aka faɗa. Ƙofar gidan da ta kwana biyu tana danne dariya ta yi tsit, sai ƙarar ludayi a jikin ƙwarya.

Ta rage kaɗan a wadda ya sayo mata bara, ta koma wurin zamanta ta jingina da bango. Ta miƙo mini na sha. Wallahi ita ce, ba abin da ya canza, citta da kanumfari daidai, nono ya kama ta. Na mayar mata. Ta ɗebi ludayi guda ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye da ƙyar. Ta daɗe tana kallon cikin ƙwaryar.

"Ba shi da daɗi," in ji ta.

Har na buɗe baki zan ce haba Adda, ta yi daɗi mana. Sai na ji abin da ta faɗa, da yadda ta faɗe shi. Ɗakin cike yake da mata, kowa ya ji, ba wadda ta yi dariya.

Allah ya jiƙan Yaya, ya shayar da shi abin da ya fi wannan, ya ba Adda haƙurin rashinsa. Mu kuma da muka yi dariya, Allah ya yafe mana.